Kwari da Baka a Jos: Lissafin da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Yi Kafin Ya Shiga Kulob

Sharhi na musamman daga wakilinmu na harkokin tattalin arziki, Jos

Birnin Jos ya daɗe da sanin kulob. Tun zamanin da kamfanonin haƙar kuza suka mamaye Rayfield da Bukuru da Barikin Ladi, manyan ma'aikata da 'yan kasuwa suke da wuraren da suke haɗuwa bayan an tashi daga aiki, su motsa jiki, su yi hira, su kuma ƙulla hulɗar cinikin da sau da yawa ba ta ƙulluwa a ofis. Kulob ɗin wasan golf na Rayfield tarihinsa ya faro ne tun 1913, wato shekara guda kafin ƙaramin layin dogon da ya taso daga Zariya ya iso Jos, sannan ga kulob ɗin ƙwallon dawaki wanda gasarsa ta shekara-shekara ke jawo baƙi daga jihohi da dama.

A 'yan shekarun nan kuwa, wani wasa ya fara samun gindin zama a cikin jerin wasannin da ake kafa wa kulob a Najeriya, wato harbin kwari da baka. Kulob-kulob masu zaman kansu sun bayyana a Legas da Abuja, kuma ƙasar nan tana da ƙungiyar tarayya ta wannan wasa, wadda ke ƙarƙashin ƙungiyar harbin kibiya ta duniya mai hedkwata a Lausanne ta ƙasar Suwizalan. A 2019 aka shigar da wasan cikin gasar wasannin Afirka a Maroko karo na farko, a watan Afrilun 2025 kuma kwamitin Olamfik na duniya ya amince a ƙara wani sabon rukunin harbi a gasar Los Angeles ta 2028. Tambayar da ta shafi mai karatu ita ce: idan ɗan kasuwar Jos ya yi niyyar shiga irin wannan kulob, ko ya haɗa kai da wasu su kafa shi, me zai biya, me zai samu, kuma mene ne zai hana kulob ɗin watsewa bayan shekara biyu?

Baka ba baƙo ba ne

Babu mai koya wa mutumin Arewa sunan baka da tsirkiya da kwari da kibiya. A watan Yunin 1804, a Tabkin Kwatto, 'yan baka na ƙasa daga cikin jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne suka tsaya gaban dawakin Sarkin Gobir Yunfa har suka rinjaye su. Shekara 99 bayan haka, a yaƙin Burmi na watan Yulin 1903, kibiya ce ta kashe Manjo Marsh, wanda ya jagoranci rundunar Ingila. A nan tsaunukan Filato ma, duwatsu da mashi da baka da 'yan ƙananan dawaki ne suka taimaki ƙabilu da dama suka riƙe 'yancinsu a ƙarni na 19, kuma har gobe ana fito da kayan farauta da na yaƙi a bukukuwa irin su Nzem Berom na Birom da Puusdung na Angas.

Abin lura ga mai nazarin tattalin arziki shi ne, wannan makami sana'o'i da dama ne ke ci a cikinsa. Maƙeri ne ke ƙera tsinin kibiya, baduku ya ɗinka kwari, wani ya saro kyauro daga fadama, sannan Sarkin Baka ya tsara fita farauta da rabon abin da aka samo. Ke nan akwai ilimi, akwai hannu, akwai kuma tsarin shugabanci. Abin da kulob na zamani ke ƙarawa a kai shi ne awo da doka. Maharbi ana gane ƙwarewarsa da naman da ya kawo gida, shi kuwa ɗan wasa da makin da aka rubuta masa a takarda, a kan tazarar da aka auna da mita, ta yadda za a iya gwada mai harbi a Bukuru da wanda ke harbi a Seul ba tare da sun taɓa ganin juna ba. Haka zalika malaman fiƙihu sun daɗe da halatta gasar harbi da ba da kyauta a cikinta, tare da tseren dawaki da na raƙuma, saboda haka wasan ba shi da shamaki ta wannan fuska.

Abin da sabon mamba zai tarar

Shawarar farko da masu koyarwa ke bayarwa ita ce, sabon shiga kada ya yi gaggawar sayen baka. Kulob na ƙwarai yakan fara da darussan share fage na 'yan makonni da kayansa na aro. Mai koyarwa zai duba wane ido ne ya fi ƙarfi a wajen mutum, domin shi ke nuna hannun da zai ja tsirkiya da shi. Zai auna tsawon jansa don a san kibiyar da ta dace. Sannan ya ba shi baka mai sauƙin ja, mai nauyin laba 18 zuwa 24, wato kimanin kilo 8 zuwa 11. Cikin 'yan watanni ƙarfin kafaɗa yakan ƙaru, mutum ya bukaci wanda ya fi wannan nauyi. Wanda ya zuba kuɗi tun makon farko, ko dai ya sayi abin da ya fi ƙarfinsa ya ɓata kafaɗarsa, ko kuma wanda zai yi masa kaɗan kafin shekara ta zagayo.

Baka iri uku ne suka fi yawa a filin gasa. Na farko shi ne mai lanƙwasassun kunnuwa, wanda 'yan wasa ke kira rikab. Da shi ake gasar Olamfik tun da aka mayar da wasan cikinta a Munik a 1972. Ana harbi da shi daga tazarar mita 70 zuwa wani faifai mai faɗin santimita 122, wanda da'irarsa ta tsakiya santimita 12.2 ce kacal, wato kamar bakin ƙaramin kwano. Na biyu shi ne mai 'yan tayoyi a kai biyu, wato kwamfawun, wanda wani Ba'amurke mai suna Holless Wilbur Allen ya sami takardar mallakar fasaharsa a 1969. Shi ana harbinsa daga mita 50 zuwa faifai mai santimita 80, kuma shi ne aka ƙara a gasar 2028. Na uku shi ne tsuran baka marar na'urar saiti, wanda ya fi kusa da yadda maharbanmu suka saba. A cikin ɗaki kuwa tazarar mita 18 ce, faifan kuma santimita 40.

Lissafin maki ba shi da wuya. Rawaya ta tsakiya maki 10 ce da 9, ja 8 da 7, shuɗi 6 da 5, baƙi 4 da 3, fari 2 da 1. A zagayen tantancewa na manyan gasanni kibiya 72 ake harbawa, cikakken maki ke nan 720. Dokar fili kuma da usur ake gudanar da ita: busa biyu a je kan layi, busa ɗaya a fara harbi, busa uku a je a zaro kibau, busa biyar ko fiye kowa ya dakata nan take domin akwai haɗari. Ba a ɗana kibiya sai a kan layi, ba a kuma sakin tsirkiya babu kibiya, domin hakan na iya tsaga bakan.

Daɗin daɗawa, wasa ne da ba ya bukatar gudu ko karo. Mace da namiji, yaro da dattijo, har da mai zama a keken guragu, duk suna iya tsayawa a layi ɗaya. Wasan yana cikin gasar naƙasassu ta duniya tun ta farko da aka yi a Rum a 1960. Ta fuskar kasuwanci wannan na nufin kulob zai iya rajistar iyali gaba ɗaya, abin da ba kowane wasa ke iya yi ba.

Lissafin Dala da Naira

A nan ne gizo ke saƙa. Reshen baka na zamani da zaren gilashi ko na kabon ake haɗa shi, kibau kuma da alminiyam ko kabon, kuma manyan masu ƙera su kamfanoni ne irin su Hoyt da Easton na Amurka da Win&Win na Koriya ta Kudu. Bakan koyo yakan kama daga Dala 100 zuwa 200, amma cikakken kayan ɗan gasa na iya haura Dala 2,000, ban da kuɗin dako da na kwastan da harajin VAT, wanda aka ɗaga daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari a 2020.

Idan ba a manta ba, tun daga watan Satumban 1986 da aka buɗe kasuwar canji ta biyu a ƙarƙashin shirin SAP, farashin duk abin da ake shigowa da shi ya koma bin motsin Dala. A farkon 2023 ana sayar da Dala ɗaya a kan Naira 460 ko kusa da haka a farashin gwamnati. Bayan da Babban Bankin Najeriya ya sakar wa kasuwa ragama a watan Yunin shekarar, sai da Dala ta haura Naira 1,500 a cikin 2024.

Bari mu buga misali da alƙaluman da muka ƙaddara don sauƙin fahimta. A ce kulob ya sayi bakan koyo 10 a kan Dala 150 kowane, da kibau 120 a kan Dala 5 kowace. Jimla Dala 2,100 ke nan. A kan canjin Naira 460 kuɗin bai kai Naira miliyan ɗaya ba, domin 966,000 ne. A kan 1,500 kuwa ya zama Naira miliyan 3 da dubu 150. Mutum ɗaya da ya sayi baka guda da kibau 12 zai kashe Naira 315,000, kuma kayan za su kwana shida a mako a rataye. Amma idan mutum 60 suka yi tarayya a kan waɗancan 10, suna karɓa-karɓa safe da yamma, kowa Naira 52,500 ce ta hau kansa. Hausawa suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma wannan shi ne ainihin hujjar kafa kulob: kaya masu tsada, waɗanda ba a amfani da su kullum, sun fi araha idan aka mallake su tare.

To amma sayen farko ba shi ne ƙarshen lissafi ba. A ƙaddara baka zai yi shekara biyar, kibau kuma a sauya su duk shekara saboda lanƙwashewa da karyewa da ɓacewa cikin ciyawa. Ke nan kowace shekara sai an ware Dala 300 domin tsufan baka da Dala 600 domin kibau, wato Naira miliyan 1 da dubu 350. A tsakanin mambobi 60 wannan Naira 1,875 ce a wata. Idan suka ragu zuwa 20 sai ta koma Naira 5,625, kuma ba a sa hayar fili da albashin mai koyarwa da na mai gadi ba. Darussa biyu suka fito daga nan. Na farko, a tsawon lokaci kibiya ta fi baka cin kuɗi. Na biyu, jarin kulob na gaskiya shi ne yawan mambobin da ke biyan kuɗin wata a kan kari. Kulob ɗin da ya tsayar da kuɗin wata bisa kunyar juna, ba bisa wannan lissafi ba, cin jarinsa yake yi ba tare da ya sani ba.

Abin da Jos ke iya samarwa

Hanyar rage wannan nauyi ita ce a raba kayan gida biyu: waɗanda dole a shigo da su, da waɗanda hannun gida ke iya yi. Reshen baka da sandar kibiyar gasa suna bukatar injin da ke auna daidaito sosai, don haka a bar su ga masu shigowa da kaya. Sauran kuwa akwai masu yi a cikin gari. Kwari da fatar kare yatsu da wadda ake ɗaurawa a hannu don kada tsirkiya ta doke shi, duk aikin dukanci ne, kuma Naraguta ta daɗe da yin suna a aikin fata. Ƙafafun da ake jingina faifan harbi a kai aikin kafinta ne, ga kasuwar Katako. Akwatin ƙarfe na ajiyar kaya aikin masu walda ne, ga su nan a Dilimi.

Shi kansa faifan da kibiya ke kafewa a ciki, a Ingila da murɗaɗɗiyar ciyawa aka saba ɗinka shi, zagaye bisa zagaye, tamkar ƙaton faifan rufe ƙwarya. Abu ne mai nauyi wanda dakonsa daga ƙasashen waje ba ya biyan kansa. A jihar da ake noman acca da yawa, ga kuma masu saƙar zana da faifai, wannan ƙofa ce ta ƙaramar sana'a wadda za ta iya sayar wa kulob-kulob na Abuja da ma gaba, muddin aka kiyaye awo da ƙarfin ɗinki.

Dangane da fili, Jos na da abin da Legas ba ta da shi. Haƙar kuza ta bar faffaɗan fegi da tarin ƙasa a kewayen Rayfield da Bukuru, kuma irin wannan tudu shi ne katangar da ake nema a bayan faifai don tare kibiyar da ta kuskure. Sai dai a guji wuraren da ke daf da kududdufan kuza masu zurfi, a kuma tabbatar da mai filin da takardarsa kafin a zuba ko sisi. Ana son mai harbi ya fuskanci arewa don kada rana ta shiga idonsa. Tsayin garin na kimanin mita 1,200 ya sa ana iya tsayawa a fili sa'o'i ba tare da zafin Kano ko Sakkwato ba, ko da yake iskar hunturu takan karkatar da kibiya a mita 70, damina kuma tana da tsawo. Maganin wannan shi ne zauren makaranta ko na otal mai ɗaukar mita 18, wanda hayarsa kuɗin shiga ce ga mai shi a ranakun da babu biki.

Wa zai ɗauki nauyi?

Duniya ta nuna hanyoyi daban-daban. A Koriya ta Kudu kamfanin Hyundai ke tallafa wa ƙungiyar harbin ƙasar tun 1985, kamfanoni da ƙananan hukumomi kuma suna ɗaukar 'yan wasa da albashi. Sakamakon haka matan ƙasar sun ci zinare a gasar ƙungiya ta Olamfik sau 10 a jere daga 1988 zuwa 2024. A Turkiyya waƙafi ne ya riƙe wasan: bayan cin Istanbul a 1453 Sultan Muhammad na Biyu ya keɓe filin Okmeydani domin maharba, a 2013 aka sake buɗe wurin a hannun wata gidauniya, a 2019 hukumar UNESCO ta sa harbin gargajiyar Turkawa cikin jerin al'adun duniya, sannan a 2021 Mete Gazoz ya ciyo wa ƙasar zinare a Tokiyo. A maƙwabciyarmu Chadi kuwa, Israel Madaye, mai sana'ar gyaran wutar lantarki, ya kai gasar Faris ta 2024 da ƙaramin tallafi, inda ya kara da Kim Woo-jin na Koriya. Bai yi nasara ba, amma ya nuna cewa ƙofar ba a kulle take ga ɗan Afirka ba.

Wanne ya dace da Jos? Tarihin garin ya isa amsa. A shekarar da Hyundai ya fara tallafinsa, a ranar 24 ga Oktoban 1985, Majalisar Kuza ta Duniya ta kasa ci gaba da tare farashi, kasuwar ƙarafa ta Landan ta dakatar da cinikin kuza, farashi ya rikito da kimanin rabi cikin 'yan watanni. Masana'antar da ta riga ta fara ja da baya tun shekarun 1970 sai ta durƙushe, duk abin da ya rataya a wuyan albashin kamfanonin kuza kuma ya ji a jikinsa. Garin da ya ga haka bai kamata ya gina sabon kulob a kan aljihun attajiri ɗaya ko kasafin ma'aikata ɗaya ba. Tallafin kamfani abin maraba ne wajen kofi da kyauta da kuɗin tafiya gasa. Amma kibau da haya da albashi, waɗannan sai kuɗin mambobi.

Doka ma ta bambanta hanya biyu. A ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, kulob na mambobi yakan yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni a matsayin ƙungiya mai amintattu, bayan an buga sanarwa a jaridu an ba da kwana 28 domin masu ƙorafi, kuma ba a raba rararsa a matsayin riba. Wanda ke neman riba, wato ya buɗe fili yana karɓar kuɗin sa'a daga ɗalibai da masu yawon buɗe ido, sai ya yi rajistar sunan kasuwanci ko kamfani. Cakuɗa biyun ba tare da rubutacciyar yarjejeniya ba shi ne ke haddasa rigimar wa ya mallaki kaya ranar da aka ɓata.

Tsaro da amana

Ba zai yiwu a yi maganar baka a Jos a kau da kai daga abin da ya faru a watan Satumban 2001 da Nuwamban 2008 da Janairun 2010 ba. Waɗannan rikice-rikice sun raba unguwanni, gobarar babbar kasuwar Taminus a watan Fabrairun 2002 kuma ta ɗauke wurin da ya fi kowane haɗa Musulmi da Kirista a kan ciniki. A irin wannan gari, taron mutane da kwari da baka abu ne da ke bukatar bayani tun kafin a tambaya. Rigakafi ya fi magani: a sanar da 'yan sanda da mai unguwa ranakun atisaye, a ajiye kayan kulob a kulle tare da littafin fita da shiga, a yi amfani da kibau masu tsinin wasa kawai, marasa kunne balle dafi, kuma kowane mamba ya riƙe katin shaida.

Idan aka kiyaye haka, abin da ake tsoro zai iya zama abin amfani. Kulob ɗin da aka kafa a filin da kowa ke iya zuwa ba fargaba, wanda kwamitinsa ya haɗa ɗan Gangare da ɗan Tudun Wada, ɗan Unguwar Rogo da ɗan Rayfield, wuri ne da mutane za su tsaya kafaɗa da kafaɗa suna bin usur ɗaya, kuma abokin layinka shi ke rubuta makinka. Duk ɗan kasuwa ya san cewa bashi da dillanci a kan amana suke tafiya, ita kuwa amana sai an riƙa haɗuwa take tsira. Haka nan ya dace a ba maharban gargajiya nasu rukuni da nasu baka a ranar gasa, domin su ne ke da abin da baƙo zai biya kuɗi ya kalla.

Saboda haka, kafin mai karatu ya miƙa kuɗin rajista, ya nemi ganin takardar rajistar kulob da kundin dokokinsa. Ya tambayi mambobi nawa ne suka biya kuɗin watan jiya, ba nawa ne ke cikin littafi ba. Ya tambaya ko akwai asusun da aka ware domin sauya kibau. Ya je fili da ƙafarsa ya ga abin da ke bayan faifai. Ya kuma bincika wa ke sa hannu a asusun banki, wa kuma ke binciken ma'aji. Idan amsoshin sun gamsar, ya biya, ya halarci taron shekara, ya karɓi aiki a kwamiti idan an ba shi, domin mamba mai hannun jari ne a kayan da kowa ke ja. Idan kuwa ba su gamsar ba, to lissafin yana nan a sama: mutum 60, baka 10, da ma'aji mai riƙon amana sun isa a fara.